Yadda na koyi haɗa sabuni a tsakar gidanmu

Gwaggo, yayar babana, ita ce mutum na farko da na taɓa gani tana haɗa sabuni. A wani ƙauye take can bayan Tibiri, kuma muna yara a wurinta muke yin hutun sanyi. Idan an kwashe gero daga gona, sai ta sa a tara mata kara a cinna masa wuta, ta kwashe tokar ta zuba a wata tsohuwar tukunyar ƙasa da aka huda gindinta. Ta danna tsumma a ƙasa, ta zuba ruwa a sama, ta ajiye kasko yana tarar abin da ke ɗiga. Ruwan tokar nan ja-ja yake fitowa kamar shayin da ya ji wuta. Shi take dafawa da kitse ko man aduwa, tana tuƙi tun hantsi har la'asar, sai ya yi baƙi ya kama jikinsa, ta dunƙula shi kamar dawo. Babu sikeli, babu takarda. Sai dai ta laƙato kaɗan da yatsa ta ɗora a kan harshe, ta ce "da saura," ko ta ce "ya yi."

Na girma, na yi aure a cikin gari, aikin koyarwa ya ɗauke mini hankali, abin ya shige mini. Shekarar 2023 ce ta dawo mini da shi, lokacin da aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli. Duk wanda ya san Maradi ya san yawancin kayan kasuwarmu ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Da hanya ta toshe, komai ya yi tashin gwauron zabo, har sabuni, wanda ƴan uwanmu na Katsina da Kano ke ce wa sabulu. Mata a unguwarmu suka fara haɗa na wanki da kansu. Wata maƙwabciyata da ta koya a ƙungiyar mata ta kira ni wata ranar Lahadi in zo in gani. Ina tsaye a kanta tana juya bokiti, mai da ruwa suka haɗe suka zama abu ɗaya a kan idona, sai na ji kamar ina tsaye a bayan Gwaggo. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ma'aunin da ta ba ni na gwangwani ne: gwangwanin soda kaza, na ruwa kaza, litar mai kaza. Washegari na hau adaidaita zuwa Babbar Kasuwa, na sayo soda a wurin masu kayan haɗa sabuni. Fara ce tas, ɓarɓashi-ɓarɓashi, an ƙulla ta a leda. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ki kula da hannunki, kuma kar yara su gan ta." Iyakar gargaɗin da na samu ke nan.

Kuskurena na farko tukunya ce. Na ɗauko ta alminiyom, irin wadda maƙeranmu ke zubawa, na sa ruwa na juye soda. Ba a ɗauki lokaci ba ruwan ya fara kumfa yana tsuwa, cikin tukunyar ya yi baƙi, wani tururi ya bugi hancina har sai da na yi ta tari. Daga baya na gane cewa soda cin alminiyom take yi, kuma iskar da ke fita daga wannan haɗuwar tana kama wuta. Allah ya kiyaye, murhu yana nesa. Tukunyar dai ta tashi daga aiki. Na sake a bokitin roba, sabuni ya yi, ya daskare, na yanka ina murna. Amma da na wanke hannu da shi sai fata ta yi ja tana raɗaɗi, shi kansa kuma yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Soda ta yi yawa. Na mayar da shi na wankin tukwane, da safar roba a hannu.

Ban ga laifin maƙwabciyata ba. Ma'aunin gwangwani yana yi wa masu sabunin wanki aiki, domin tufa ba ta kuka. Amma gwangwanin wata ba na wata ba ne, kuma soda mai ɓarɓashi da mai ƙwayoyi kamar sukari ba nauyinsu ɗaya ba ko da sun cika gwangwani ɗaya. Ni kuwa na wanka nake so, wanda zan iya yi wa ɗiyata wanka da shi hankalina kwance. Sai na koma littattafan kimiyya na ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, inda muka taɓa karanta wannan darasi don jarrabawa kawai, na kuma yi ta bincike a intanet da dare bayan yara sun kwanta.

Abin da na fahimta shi ne, kowane mai yana da adadin sodar da yake ci, ba ya ƙari ba ya ragi. Idan mai ya haɗu da soda, su biyun suna canzawa su zama sabuni da wani sinadari mai suna gilisarin. In an sa soda daidai, babu wadda za ta rage a ciki. In ta yi yawa, rarar tana nan a cikin sabunin tana jiran fatar mutum. In ta yi kaɗan ƙwarai, sai mai ya yi saura, sabuni ya yi laushi ya ƙi daskarewa. Giram 1000 na man gyaɗa yana cin kusan giram 137 na soda. Man ja 142. Man kaɗe 128. Man kwakwa kuwa ya fi su ci, wajen 183. Ka ga wanda ya ɗauki ma'aunin man kwakwa ya zuba wa man kaɗe ya haɗa abin ƙona jiki. A nan ne kuma na gane dalilin da ya sa sabunin Gwaggo ba ya tauri sosai: sinadarin da ke cikin toka ɗan uwan soda ne, amma shi sabuni mai laushi yake bayarwa, ita kuma soda mai tauri.

Don haka na sayi ƙaramin sikeli mai batir, irin wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. A duk kayan aikina babu abin da ya kai shi daraja a wurina.

Haɗin da na tsaya a kansa bayan gwaje-gwaje da yawa na kilo ɗaya na mai ne: giram 400 na man ja, 250 na man kwakwa, 200 na man gyaɗa, 150 na man kaɗe. Man ja ke ba da tauri, kwakwa ke ba da kumfa, gyaɗa da kaɗe su ne ke lallashin fata. Idan kwakwa ya yi tsada nakan koma man alayyadi, shi ma yana kumfa, sai dai in sake lissafi domin cinsu ba ɗaya ba ne. Lissafin wancan haɗin yana kaiwa giram 149 na soda, amma ba na sa duka. Ina rage biyar cikin ɗari, in sa 142, don ɗan mai ya yi saura a cikin sabunin, kuma ko sikeli ya ɗan yi kuskure ba za a ƙone ba. Ruwa giram 300. Na fi son ruwan sama da na tara na tace, in babu sai in sa na leda, domin ruwan wasu rijiyoyin yana rage kumfa.

Man gyaɗa ba na sayensa a bido. Wurin wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli nake zuwa a Mokoyo, in tarar an matse shi a ranar, da ɗuminsa da ƙamshinsa. Mu mutanen Maradi ba a yi mana bayanin man gyaɗa, da gyaɗa garin nan ya yi suna tun zamanin Turawa. Dalilina dai shi ne na san abin da ke cikin kwalbar. Man da aka gauraya da wani ba a faɗa ba yana ɓata lissafin soda gaba ɗaya.

Man ja shi ne mai wahala. In aka sa shi da jansa, sabuni zai fito ruwan ɗorawa, har kumfarsa ta ɗauki launi. Wasu suna son haka, ni ma wani lokaci nakan bar shi. In ina son fari-fari kuwa sai na ƙona shi. Nakan hura gawayi a can ƙarshen tsakar gida, in ɗora man a tukunyar ƙarfe, in tsaya a kansa. Yana zafi yana hayaƙi mai shiga ido, launinsa yana sauka a hankali. Lokaci-lokaci in tsoma ƴar farar takarda in ɗaga ta a rana. Da farko ja take fitowa, sannan rawaya, har ta fito kamar an ɗiga mata man gyaɗa. Sai in sauke. Wannan aiki ba a yinsa a ɗaki, ba a barinsa a je amsa sallama, kuma ko ɗigon ruwa bai kamata ya faɗa ciki ba. Nakan yi shi tun jiya, ya kwana ya huce.

Ranar haɗi, bayan sallar asuba nake farawa, kafin rana ta ɗaga, kafin yara su tashi. Ina sa safar hannu ta roba, da tabarau, da riga mai dogon hannu, in ɗaure hanci da takunkumi. Kayan aikin duk na roba mai kauri ne ko inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma na yi musu alama da jan fenti, ba sa komawa madafa har abada. In auna ruwa a roba ɗaya, in auna soda a wata busasshiya. Sannan in riƙa zuba sodar a cikin ruwan kaɗan-kaɗan ina motsawa, fuskata a gefe, iska tana bayana. Soda ake zuba wa ruwa. Ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasa nan take ta fantsamo wa mutum a fuska. Ruwan da yake da sanyi yanzun nan sai ka ga yana tururi, zafinsa ya haura digiri 80 ba tare da wuta ba. Ya yi fari kamar an dama alli, can kuma ya washe ya koma garau.

Wannan garau ɗin shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk sha'anin, kuma ina so duk wadda za ta gwada ta tsaya a nan ta yi tunani. Ruwan soda in ya huce ba shi da maraba da ruwan sha a ido. Ba launi, ba wari. Wata rana na ajiye shi a kan dakali yana hucewa, na juya in ɗauko man kaɗe, ina waiwayowa sai ga autana, lokacin yana shekara 3, ya farka ya fito yana murza ido, ya miƙa hannu wajen robar. Ban san lokacin da na yi tsalle na sure shi ba. Na zauna a ƙasa rungume da shi jikina yana rawa, shi kuma yana kuka don na firgita shi. Yaron da ya sha wannan ruwa maƙogwaronsa ke ƙonewa, wasu har su kasa haɗiye abinci tsawon rayuwarsu. In tsautsayi ya faɗa, ba a sa yaro amai, a garzaya da shi likita kawai. In a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye. Tun daga ranar, ruwan soda a cikin ɗakin ajiya yake hucewa, ƙofa a kulle, makulli a ɗaure a bakin zanena. Ita ma busasshiyar sodar tana cikin roba mai murfi a saman kabad, don kamarta da sukari, kuma don tana jan danshin iska ta dunƙule ta rage ƙarfi.

Kafin ruwan ya huce nakan narkar da man kaɗe da na kwakwa a wuta kaɗan, in haɗa da sauran, in tace da kyalle. Idan na taɓa jikin robobin biyu na ji ɗuminsu ya yi kusa da juna, kamar ruwan wankan jariri, sai in tsiyaya ruwan sodar a cikin man, siriri, ina juyawa da muciya gefe ɗaya.

Daga nan sai tuƙi. Watannin farko da hannu nake yi, kuma yakan kai awa ɗaya ko fiye. Da farko man yana yawo a sama. Sannan launi ya dushe, ya zama kamar madara, sannan kamar koko, sannan kamar kunun gyaɗa mai kauri. Alamar da ake jira ita ce a ɗaga muciya a bar abin ya ɗiga a saman sauran: in ya nutse nan take, da saura; in ya kwanta ya bar sawu kamar zare kafin ya ɓace, ya kama. Daga baya maigida ya kawo mini ɗan injin markaɗe na hannu daga Yamai, aikin awa guda ya koma na ƴan mintoci. Ina amfani da shi, amma in an ɗauke wuta ba na jin haushi. A tuƙin hannu ne nake jin yadda muciya ke ƙara nauyi a hankali, kuma wannan nauyin shi ne abin da na fi so a duk aikin.

Wani kafinta a unguwarmu ya yi mini ɗan akwatin katako dogo. Ina shimfiɗa masa leda, in juye, in ɗan bubbuga shi a ƙasa don iska ta fita, in rufe saman da wata leda. In ba a rufe ba, farar ƙura kamar toka takan fito a sama, ba ta cutarwa amma tana ɓata kyau. A intanet za ki ga ana cewa a lulluɓe akwatin da bargo. Wannan shawarar mutanen ƙasar sanyi ce. Na bi ta sau ɗaya a watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40, sabunin ya yi zafi a ciki ya kumbura ya tsage a tsakiya, mai yana tsattsafowa. Da bazara yanzu a ƙasan siminti nake ajiye shi a ɗaki mafi sanyi. Bargo sai da hunturu, lokacin da man kaɗe ke zama kamar dutse a cikin kwano.

Bayan kwana ɗaya ko biyu nake zare shi in yanka da wuƙa, gida 12, kowane wajen giram 120. Yana yankuwa sumul kamar cuku sabo. A nan ne mutane da yawa ke gaggawa, domin ga shi a hannu kamar ya gama. Bai gama ba. Ina jera su a kan kanta a inuwa, da tazara tsakaninsu don iska ta ratsa, in riƙa juya su bayan kwana biyu-biyu, har sati 4 zuwa 6. Ruwan cikinsa yana fita, yana ƙara tauri, yana ƙara sauƙi a fata. Nakan zaɓi guda ɗaya in riƙa auna shi duk Juma'a ina rubutawa a littafi. Ran da nauyinsa ya daina sauka, ya nuna. Da hunturu yana saurin bushewa. Da damina kuwa sai ki ga yana zufa, ɗigo-ɗigo a jikinsa, domin gilisarin ɗin da ke ciki yana jan danshi. Manyan masana'antu sukan cire shi su sayar daban, na gida kuwa yana nan a ciki, kuma ina jin shi ya sa ba ya barin fata ta yi fari fat bayan wanka lokacin buji.

Ɓarna kam na yi ta. Na taɓa zuba turaren kwalba da nake so ƙwarai, ashe akwai alkol a ciki, nan take haɗin ya daskare a bokiti kamar tuwon da ya kwana, da hannu na danna shi a akwati. Na sa garin zogale na Jiratawa, ya fito kore shar na yi ta nuna wa mutane, bayan ƴan makonni ya koma ruwan ƙasa. Zuma cokali ɗaya ta isa kilo guda, in ta wuce haka zafi take ƙara masa. Man dogon yaro kuwa warinsa sai mai haƙuri, kaɗan nake sawa. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne wanda na yi da man gyaɗa zalla, don ina so in ce ga sabunin Maradi tsantsa. Ya daɗe bai yi tauri ba, kumfarsa kaɗan, kuma da zafi ya shigo sai ɗige-ɗige masu ruwan lemo suka fito masa, yana warin tsohon mai. Man gyaɗa ba ya jure ajiya in ya yi yawa a sabuni. Shi ya sa na tsayar da shi a giram 200.

Mutane suna tambayata me ya hana ni sayarwa. Na yi lissafi, in dai da man kwakwa da man kaɗe na kirki za a yi, ba ya fin na kanti araha, kuma ba na son in fara rage mai don riba ta fito. Sau ɗaya nake yi a wata. Na gida ne, da na kyauta in an yi haihuwa ko biki. Ba na kuma cewa yana maganin ƙuraje ko yana hasken fata, ko da mata sun so in faɗi haka. Sabuni ne, yana wanke jiki ba tare da ya gallaza masa ba. Mai ciwon fata likita ya kamata ta gani.

Bayan ƙaramar salla na naɗe guda shida a takarda na kai wa Gwaggo. Ta tsufa, idonta ya rage gani. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan na ajiye mata a cinya.

"Gwaggo, ga abin da na haɗa da hannuna."

Ta shafa shi, ta sansana, ta ƙwanƙwasa shi da farce. Sai ta jiƙa yatsa da miyau ta goga a jikinsa ta ɗora a harshe, yadda na san za ta yi. Gwajin nan har masu sabunin zamani suna yinsa: in da sauran soda, harshe zai ji kamar an taɓa batir. Ta yi shiru tana tsotsar baki.

"Ya yi, ɗiyata. Ba ya cizo. Da wace toka kika yi?"

Na yi mata bayanin soda da sikeli. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita a tokar karan gero ta sani, kuma rabonta da haɗawa an yi shekaru, don ba mai tara mata kara, yaran yanzu kuma ba mai tambaya. Na ce ni ina tambaya. Ta ce to in bari sai an yi girbi, in zo da kitsen sa mai kyau daga mahauta, in kuma zo da niyyar kwana biyu, domin ruwan toka ba ya ɗiga da gaggawa. Ta sa jikarta ta shiga bayan rumbu ta duba ko tsohuwar tukunyar nan mai huji tana nan. Yarinyar ta dawo da ita a ka, duk yanar gizo, bakinta ya ɗan ɓare, amma gindin lafiya lau.